Inda Za a Sa Damaris

A Jayuya, wani gari a cikin duwatsu, idan takarda ta zo wa mutum daga makaranta cewa ana neman sa zaman kwamiti a kan yaronsa, kafin ya gama jujjuya ta wani zai ce masa, "Hau unguwar Coabey ka ga Doña Nilsa." Ba lauya ba ce, ba kuma malama ba. A aji takwas Nilsa Ocasio ta bar makaranta ta bi uwarta tsinkar kofi. Daga baya ta yi shekara goma sha ɗaya a masana'antar ɗinki tana ɗora aljihu a wandon sojoji, har ranar da aka sa wa masana'antar kwaɗo. Tun daga nan pasteles take yi na sayarwa, wato gurzajjiyar ɗanyar ayaba da nama da ake ɗaurewa a ganye a dafa kamar alale. Duk wanda ya je mata da takarda zai same ta da ganyen ayaba a hannu, kuma sai ya taya ta ɗaure goma kafin ta saurare shi.

Mijinta Efraín bakanike ne, garejinsa a ƙarƙashin gidan. Mutum ne da sai ya wuni bai furta kalma ashirin ba. Abokansa kan ce masa, "Ai dole, Efra. Ina ka ga fili a gaban Nilsa?"

'Yarsu ɗaya ce, Damaris. Tana da wata goma sha huɗu sanƙarau ya kwantar da ita mako uku a asibiti. Ta tashi, ta koma ɓarnarta kamar kowane yaro, sai dai 'yan kalmomin da ta fara kamawa sun ɓace. Nilsa ta ce gajiyar jinya ce, za su dawo. Efraín bai yarda ba. Wata safiya yarinyar na wasa a tsakar gida, ya lallaɓa bayanta ya tayar da wani babur marar salansa da aka kawo masa gyara. Kaji suka watse, karen maƙwabta ya rikice da haushi, Nilsa ta fito da ludayi a hannu tana masa faɗa. Damaris ko waiwaye. Efraín ya kashe babur ɗin, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannuwansa duk baƙin mai.

Likita a birnin Ponce ya tabbatar musu kunnuwan ne duka biyu. An gwada na'urar ji, ba ta tsinana abin kirki ba.

Daga nan aka shiga zirga-zirgar takardu. Aka yi wa yarinyar rajista a ofishin ilimi na musamman, aka tura su gwajin kunne, da na magana, da na fahimta, kowanne da layinsa da watannin jiransa. Damaris na da shekara biyar aka kira Nilsa zaman kwamiti na farko, a makarantar unguwarsu. Ta saka rigar zuwa coci. Ta tarar da mutum shida a tebur, shugaban makarantar, Míster Quiles, a tsakiya. A gabansu ga takarda mai shafi kusan ashirin, tsarin karatun yarinyar, wanda suke kira PEI. A ciki ake rubuta abin da yaro ya iya, da abin da ake so ya iya kafin shekara ta zagayo, da taimakon da za a ba shi, sannan can ƙarshe a faɗi ajin da makarantar da za a sa shi. Suka yi ta karantawa da manyan kalmomi. Nilsa, wadda ba a taɓa rufe wa baki a kasuwa ba, ta ji harshenta ya yi nauyi. Aka miƙo biro, ta sa hannu, har da godiya.

Aka sa Damaris a ajin musamman na wata makaranta a cikin gari. Yara tara ne, kowanne da irin larurarsa, malama ɗaya da mataimakiya ɗaya. Kullum yarinyar ta dawo da takardar da ta shafe da fenti, yau kifi, gobe rana, jibi kifin dai. Ƙofar firij ta cika. A gida kuwa, in ta nuna abu ba a gane ba, sai ta kwanta a ƙasa ta yi ta buga ƙafa.

Malamar ajin ce da kanta, Misi Albarrán, ta tare Nilsa a bakin ƙofa wajen ƙarshen shekarar.

"Doña, zan faɗa miki magana, amma ba daga bakina kika ji ba. Yarinyar nan kanta na ja. Ni ban iya maganar hannu ba, kuma ina da takwas bayanta. Ba nan ne wurinta ba."

"To ni ya zan yi, Misi? Na riga na sa hannu."

"Kowace shekara ake sake zaman. Ko gobe kika nema, sai an zauna. Kuma ba dole ba ne ki sa hannu a abin da ba ki yarda da shi ba. Ke ma 'yar kwamitin ce, ba baƙuwa ba. Doka ta ce a fara duba ko yaro zai iya zama da sauran yara, a kusa da gidansu, in an ba shi abin da yake buƙata. Sai hakan ya gagara ake ware shi."

Nilsa ta koma gida ta ciro takardar daga ƙarƙashin katifa. Mako uku tana karanta ta da tsohon ƙamus na ɗan ƙanwarta, tana ja wa kalmomi layi da jan biro.

A zama na biyu ba ta saka rigar coci ba. Da aka gama karatu Míster Quiles ya turo takardar.

"Doña Nilsa, ga biro."

"Na gan shi, Míster. Mai kyau ne."

"Nan ƙasa za ki sa."

"Ba zan sa ba."

Malamar da ke rubuta bayanin zaman ta ɗago kai.

"Makarantarka minti biyar ce daga ƙofata," in ji Nilsa. "'Ya'yan ƙanwata duk a nan suke. Tawa me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, Doña. Ba mu da mai maganar hannu ne."

"To a rubuta ana buƙata. Ba aikin takardar ke nan ba? Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗinki, Míster, ban taɓa ganin an rage wa soja ƙafa don wando ya yi masa ba."

Míster Quiles ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa. Shi ma ɗan duwatsun nan ne, uwarsa ma ta tsinki kofi. Ya cire tabarau ya ce, "Za mu rubuta: aji ɗaya na kowa da kowa, a nan, da tafinta cikakken lokaci. Amma ki sani, rubutawa daban, zuwan tafinta daban."

Ya yi gaskiya. An buɗe makaranta a Agusta, tafinta ba ta zo ba sai ƙarshen Oktoba. A tsakanin nan Damaris na zaune a layin gaba tana kallon bakin malama yana motsi. Nilsa kuwa duk Litinin tana ofishin ilimi na yankin, har mai gadi ya fara ajiye mata kujera kusa da fanka.

Tafintar da aka turo sunanta Zoraida, 'yar garin Utuado, iyayenta duka kurame ne, don haka da hannu ta fara magana kafin baki. Cikin wata huɗu Damaris ta daina buga ƙafa a ƙasa. Ta san cewa kowane abu yana da suna, ta kuma matsa sai an gaya mata su duka. Ranar Asabar Zoraida kan hau gidan ta koya wa iyayen. Nan abin mamaki ya faru: Efraín, mai nauyin baki, hannunsa ya zama sarkin surutu. Nilsa kuwa ta koya iya gwargwado, amma ba ta iya yin alama ba tare da ɗaga murya ba, har maƙwabta sun san duk abin da take gaya wa 'yarta kurma.

Shekaru suka yi ta tafiya. Damaris ta fi kowa lissafi a ajinsu, karatun littafi ne ke ba ta wuya. Duk watan Mayu a zauna kwamiti, kuma Nilsa ba ta ƙara sa hannu a ranar zama ba, sai ta kai takardar gida ta kwana biyu da ita. Labari ya bazu. Wata ta zo da ɗanta mai keken guragu da aka ce makarantar kusa tana da matakala. Wani tsoho ya zo da takardar jikansa da ba ya magana, ya ce shi kam abin da malamai suka ce shi ne. Nilsa ta ce masa, "Don Chago, in za ka sayi akuya kana zuwa ka gan ta, amma ajin da za a sa jikanka ba za ka leƙa ba?" Ta raka shi, ta raka wasu da dama. Malamai in sun hango ta tafe da jakarta sai su ce a ƙaro kofi, zaman zai yi tsawo.

Makarantar unguwar a aji tara take tsayawa. A shekarar da Damaris ke aji taran, tana da shekara goma sha biyar, Zoraida ta tafi da ita wani taron matasan kurame a Ponce wata Asabar. Ta dawo da yamma ba ta taɓa abinci ba, ta shige ɗaki. Nilsa ta ɗauka wani ne ya ɓata mata rai, har ta kira Zoraida tana neman sunansa.

Zaman Mayu na wannan shekarar shi ne babba, don a nan za a yanke babbar makarantar da za ta shiga. Nilsa ta gama shirinta tsaf: babbar makarantar cikin garin Jayuya, ajin kowa da kowa, Zoraida ta bi ta. Da yake yarinya ta girma, an gayyace ta ita ma ta zauna. Míster Quiles, wanda furfura ta gama cin kansa, ya juya wurinta.

"To Damaris, ke me kika gani?"

Tambayar cika ƙa'ida ce, har Nilsa ta fara buɗe jaka. Sai hannuwan Damaris suka tashi. Zoraida ta kalle su, ta buɗe baki, ta rufe. Damaris ta buga tebur da yatsa biyu, ta nuna mata bakinta: faɗi.

"Ta ce," Zoraida ta gyara murya, "ina so a kai ni Ponce. Akwai babbar makarantar da ke da kurame goma sha ɗaya. Wasu darussan suna shiga da masu ji, wasu suna yi su kaɗai."

Nilsa ta juya da kujerarta gaba ɗaya, hannu da baki suna aiki tare. "Su kaɗai? Ajin musamman? Ke kin san abin da na sha kafin in fitar da ke daga irin wannan ajin? Shekara tara, Damaris!"

Yarinyar ba ta sunkuyar da kai ba. Ta yi magana a hankali yadda uwar za ta gane, Zoraida na faɗa wa sauran.

"Mami, shekara tara ƙawata ɗaya ce a makarantar nan, kuma shekarunta arba'in da shida." Zoraida ta san da ita ake, amma ta ci gaba. "Yaran suna sona. Suna ɗaga mini hannu. Sun iya sannu, sun iya na gode, sun iya zagi biyu. In suna dariya na tambaya, sai su ce ba komai, an jima za mu gaya miki. Ban taɓa yin gulma ba, Mami. Ban taɓa ɓatawa da ƙawa mun shirya ba."

Can Míster Quiles ya tattara takardun ya ce, "Doña Nilsa, yau ko biron ba zan miƙo ba. Ki je ki ga wurin da idonki. Haƙƙinki ne, ke kika koya wa rabin garin nan haka."

A gida Nilsa ta zauna gurzar ɗanyar ayaba kamar ita ta yi mata laifi. Efraín ya hawo daga gareji yana goge hannu.

"Ka san da maganar nan?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun Maris. In ta dawo makaranta takan zauna a gareji."

"Ni fa? Ni da na yi ta yawo ofis-ofis, ni ba za a gaya mini ba?"

Efraín ya daɗe yana duba tsumman hannunsa. "Ta gwada, Nilsa. Sau biyu. Ke hannunta bai sauka ba naki ya tashi da amsa."

Ta ci gaba da gurza har ta gurji yatsa. Abin da ke cin ta ba ɗaya ba ne. Akwai hanyar Ponce, awa ɗaya da rabi ta kwana-kwana a gefen rami, safe da yamma. Akwai birni, da samarin birni. Amma wanda ya fi nauyi ba ta iya faɗa wa ko Efraín ba: in yarinyar ta yi gaskiya, to shekara taran nan da take alfahari da su, da waɗanda ta raka zaman kwamiti tana cewa kada su yarda a ware musu yara, duk me ke nan?

Ranar Talata suka sauka Ponce su uku. Nilsa ta shiga makarantar da fuska a ɗaure. Ta tambayi tafinta nawa ne, aka ce biyu, ga yara goma sha ɗaya. Ta duba littafin lissafin ajin kuramen, ta ga abin da Damaris ta wuce tun bara. Ta tambayi yadda kurma zai san an kaɗa ƙararrawar gobara, aka nuna mata fitila mai walƙiya a bango. Ba ta ga abin da ya burge ta ba, ta kuma faɗa.

Sai lokacin cin abinci ya yi. A ɗakin cin abincin akwai wani tebur a kusurwa da ya fi ko'ina motsi, hannuwa sama da ƙasa, ana bubbuga tebur, shinkafa da wake na hucewa ba mai kula su. Wata doguwar yarinya da ta gane Damaris daga taron nan ta jawo ta ta zaunar. Kafin minti goma Damaris ta shiga gardama da wani yaro, a kan me, Nilsa ba ta sani ba, don a kalma biyar da ƙyar take kama ɗaya. Ashe duk shekarun nan a hankali 'yarta ke yi mata magana, yadda ake yi wa ƙaramin yaro. Yaron ya faɗi wani abu, Damaris ta kai masa duka a kafaɗa ta tuntsire da dariya, dariya mai ƙara, marar tsari, har da shaƙewa. Rabon Nilsa da jin wannan sautin tun yarinyar na aji biyu, lokacin da ta lura ana juyowa a kalle ta in ta yi, ta koyi yin dariya baki a rufe.

Nilsa ta fita waje ta tsaya a inuwar wata bishiya. Efraín ya biyo ta ya tsaya gefenta, bai ce komai ba, wannan karon kuma ta gode masa a ranta.

A zaman da aka sake ta yarda da Ponce, amma sai da aka ƙara shafi guda. A rubuta mota daga ƙofar gida zuwa ƙofar makaranta. A rubuta lissafi a ajin kowa da kowa, da tafinta. A rubuta za a sake zama a Disamba a ga yadda abin ke tafiya, kuma Damaris ce za ta fara magana.

"Doña Nilsa," in ji Míster Quiles, "ke ko kin yarda sai kin wahalar da mutane."

"Ka kusa yin ritaya, Míster, ka huta da ni."

Abin bai zo da sauƙi ba. Makonnin farko Damaris da leda take shiga motar saboda amai. Makinta ya sauka a shekarar farko, har na lissafin, don ta gano hira kuma ta rama bashin shekara tara. Nilsa ta ga sakamakon, ta cije leɓe, ta yi shiru, abin da Efraín ya ce ya kamata a yi wa biki. A shekara ta biyu yarinyar ta koma zama wurin yayar Efraín a Ponce, sai Juma'a take hawowa gida. Zoraida aka tura ta wurin wani yaro a garin Adjuntas. Damaris ta gama makaranta, ta koyi haɗa haƙoran roba, yanzu aikin da take yi ke nan a Ponce.

Nilsa ba ta daina raka mutane zaman kwamiti ba. Har yau takan yi faɗa a bar yaro cikin 'yan'uwansa a makarantar kusa da gida, kuma sau da yawa ita ke da gaskiya. Sai dai ta rage saurin yanke hukunci. In uwa ta tambaye ta wane aji ya fi, takan ce ba ta sani ba tukuna, a kawo mata yaron ta gan shi. Ko ta yi kuskure a kan Damaris tun farko, ko kuwa daidai ne a lokacinsa sannan lokacin ya wuce ba ta lura ba, wannan ba ta warware ba. Wani lokaci tana ɗaure pasteles sai ta tsaya da zaren a hannu tana tunaninsa.

Lahadin ƙarshen wata Damaris kan hawo da saurayinta Jomar, shi ma kurma, wani sa'in da ƙawaye biyu. Nilsa ta dafa shinkafa da wake da gasasshen nama, a zauna a baranda. Hannuwa su yi ta tashi, Efraín a tsakiyarsu yana zuba kamar ba shi ba. A Lahadin da ta wuce suka fashe da dariya gaba ɗaya, Jomar har da hawaye.

"Efra, me suka ce?"

"Wai gishiri ya yi yawa a shinkafar."

"Ƙarya kake yi, tsohon banza. Faranti uku Jomar ya ci."

Ta bubbuga tebur har Damaris ta juyo. A hankali, ta yi mata alama, ban kama ba. Damaris ta share ido, ta gyara zama, ta sake ba da labarin daga farko, kalma-kalma: wani tsoho ne ya zo karɓar haƙoransa, aka ba shi na wata mata bisa kuskure, ya saka, ya duba madubi, ya ce shi waɗannan yake so. Kafin labarin ya iso wurin Nilsa sauran sun wuce wata hirar. Ta yi dariyarta ita kaɗai, a makare, sannan ta tashi ta shiga ɗora kofi.